BmimCl ɗin da na saya don narkar da auduga: yana aiki, amma fa sai da na sha wuya

To jama'a wata uku kenan ina fama da wannan sinadarin a lab, bari in faɗi abin da na gani. Gishiri ne irin wanda ake ce wa ayonik likwid, wato gishirin da ke zama ruwa-ruwa ba sai da zafi mai yawa ba, shi ne Robin Rogers da mutanensa a jami'ar Alabama suka nuna a 2002 cewa yana narkar da selulos, wato ainihin sinadarin da ke jikin auduga da takarda. Ni kuma abin da nake so in yi siririn falle ne kamar leda wanda in ka jona masa wuta zai lanƙwashe da kansa, irin takardar EAPap ta Jaehwan Kim na Koriya ta Kudu.

Ranar da kwalbar ta iso wallahi na zaci dillalin ya cuce ni, na buɗe na ga abu a daskare kamar kitse, ashe sai ya kai wajen digiri 70 yake narkewa, kuma bawan Allah ko bayani bai yi min ba. Babbar matsalarsa shan danshi, na bar murfin a buɗe na ɗan lokaci kawai sai audugar ta ƙi narkewa, ta kumbura tana yawo a ciki, dole na kwana da shi a oben ina busarwa. Amma da ya bushe kam, a digiri 80 zuwa 90 audugar ta ɓace tas, abin ya yi kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa har maganaɗisun juyawa ya tsaya cak, sai da na zuba DMSO kaɗan (wani ruwan sinadari ne da ke tsinka shi) ya saki. Ga shi ana tsaka da aiki aka ɗauke wuta, kar ma ku tambaya.

Na shafa a kan gilas na tsoma a ruwa, falle ya fito garai-garai, aka shafa masa zinari gaba da baya don a jona masa wuta. Wanda na wanke tas da ƙyar ya motsa saboda hunturu ne iska a bushe, shi kuma sai da danshi yake motsi sosai, wanda na bar ɗan ragowar gishirin a jikinsa shi ne ya lanƙwashe har ɗan ajinmu ya ce "kai mutumina, wannan ai rai gare shi".

Tsada kam akwai, kar ku zubar da ruwan wankin, ku ƙafe shi gishirin zai dawo. Tauraro 3 cikin 5 na ba shi. Karo na gaba EmimAc zan gwada, wani ayonik likwid ɗin ne daban, shi a ruwansa yake zuwa.