Cetirizine da borin jini: abin da na gani a jikina

Jama'a duk mai fama da borin jini ya san wahalar, fata ta yi taswira ja ja ta kumbura, ka yi ta susa har ka ji kamar ka yage ta. Ni nawa da hunturu yake tashi in ƙurar nan ta rufe Damagaram. Da farko Polaramine nake sha, gaskiya tana kwantar da ƙaiƙayi amma wallahi barcin da take sawa ba na wasa ba ne, baki ya bushe kai ya yi nauyi, ni da nake wuni bisa kabu-kabu tsakanin Birni da Zango ai ganganci ne in sha ta da rana in ɗauki mutum.

Da na faɗa ma lokotoro sai ya rubuta min cetirizine 10 mg, ƙwaya 1 da dare. Cikin awa ɗaya haka ƙaiƙayin ya lafa, kumburin ya baje, kuma ta riƙe ni har washegari. Ya ce min jiki ne ke sakin wani sinadari histamin shi ke sa jan da kumburin, maganin kuma tare mishi hanya yake yi, ba ya cire tushen abin, shi ya sa in na daina sha wani lokaci ya dawo. Ita ma tana ɗan sa kasala kar in yi muku ƙarya, amma ba kamar waccan ba. Kuɗinta kuma da sauƙi in ka ce a ba ka jenerik a farmasi, wato mai sunan cetirizine kawai ba sunan da kamfani ya raɗa mata ba.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda mutane suka maida ta maganin kowane ƙaiƙayi. Maƙwabciyarmu ta yi ta ba yaranta alhali ƙazuwa ce gare su, ga ƙuraje tsakanin yatsu, da dare ba barci, har ta kama gidan duka. Ƙazuwa ƙwaro ne a cikin fata, sai maganin shafawa irin benzyl benzoate, kowa na gidan ya shafa, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi. Makero ma haka, nashi magani daban.

Kuma don Allah a bar sayen na masu talla a kasuwar Dole da rana ta gasa. In kuwa leɓe ko harshe ya kumbura numfashi na yin wuya, wannan ya wuce ƙwaya, a ruga likita nan take.