Shekara biyar da turmin ƙirya

Da kakar 2020 na sayi turmin nan a kasuwar ƙauyen su mahaifiyata, bayan turmin maje da aka kawo ni da shi ya ɓurme a gindi tun bai cika shekara uku ba. Kuɗin na ƙiryar ya kusa ninka na sauran, har sai da na tsaya ina jinjina abin. Masassaƙin ya ce, "Hajiya, ɗaga ki ji." Na kasa ɗaga shi ni kaɗai.

Yau shekara biyar ke nan ana surfen gero da masara a cikinsa, ana kirɓa fura, ranar Juma'a kuma sakwara, amma cikinsa sumul yake kamar an goge. Ba ya sakin ɓurɓushin itace a cikin gari, wanda shi ne abin da ya fi ɓata mini rai da tsohon. Saboda nauyinsa ba ya rawa ko mutum biyu suna lugude, kuma taɓarya na sauka da wata ƙara mai zurfi da maƙwabta suka riga suka gane. Damina biyar yana zaune a kan ƙasa, gara ta cinye ƙofar madafi amma ba ta taɓa shi ba. Taurin nan ne ya sa maƙera ba su da gawayin da ya wuce na ƙirya, manoma kuma suke nemanta don ƙotar fartanya.

Yana da nasa aibin. Matsar da shi aiki ne, sai dai a mirgina. A hunturun farko bakinsa ya ɗan tsage, da alama itacen bai gama bushewa ba aka sassaƙa. Na riƙa shafa masa man kaɗanya ina kifa shi a inuwa, tsagar ta tsaya nan.

Mai son saye ta kankari gindin da wuƙa. Zuciyar ƙirya ja ce mai duhu har ciki; in aka ga fari a ƙarƙashi, to shafe aka yi wa wani itacen, ko kuma gefen bishiyar aka sassaƙa.

Bara na koma neman wa ƙanwata irinsa, masassaƙin ya ce ƙirya mai kaurin turmi ta yi wuya a dajinsu, masu gawayi sun gama da manyan, ga shi ba ta saurin girma. Abin ya tsaya mini a rai. Wata huɗu muka jira kafin a kawo masa gungume daga kudancin Kaduna.