A Jamus, ko kifi sai an zana masa hanyar ruwa

Maƙwabcina a nan Hambog, wani dattijo Bajamushe da ya yi ritaya, murjani yake kiwo. Murjani mai rai, irin na ƙasan teku, a cikin tankin gilashi a falonsa, tare da 'yan kifaye masu launi. Zai koma tanki mai lita 500, ƙafarsa kuma na ciwo, sai ya roƙe ni in kai shi shago ya sayo injin tura ruwa. Na ɗauka shiga da fita ne.

Mai shagon, wata mata, ta ƙi sayar masa da injin da ya nuna. Babba ne, mai tsada, ga kuɗi a hannunsa, ta ce sam. Sai ta jawo takarda da biro ta hau tambaya. Tsayi nawa ruwan zai hau? Gwiwa nawa bututun zai yi? Ashe kowace gwiwa tana rage ƙarfin ruwa, haka ma tsayi, don haka lambar da ke jikin kwali ba ita ke isowa sama ba. Ta yi lissafi, ta ɗauko masa ƙarami mai araha, ta ce muddin ruwan tankin zai zagaya kamar sau 5 a awa ɗaya, ya wadatar. Na saki baki. Wallahi a kasuwarmu da tuni yaron shago ya ɗaure babban a kwali, ya rantse maka da iyayensa cewa shi ne daidai da kai.

Yadda abin yake, akwai tanki na biyu ɓoye a cikin kabad, ƙarƙashin na gilashin. Ruwa na malalowa daga sama ya gangaro can, a tace shi, a ɗumama shi zuwa digiri 25 ko 26, injin ya mayar da shi. Bututun gangarowar kuwa ta zana guda biyu. Ɗaya na aiki, da makunni mai murɗawa a hankali, ana daidaita shi har ruwa ya cika bututun ba iska, shi ya sa ba ka jin ƙara. Ɗayan a bushe yake zaune, yana jiran ranar da dodon koɗi ko gansakuka za su toshe na farkon. Ta ce wasu ma uku suke sawa. Bututu guda, an saye shi, an kafa shi, don wata rana da wataƙila ba za ta zo ba!

Nan fa tankin kan rufin gidanmu ya faɗo mini a rai. Shekara da shekaru, alamar cikarsa ita ce ruwa ya riƙa kwarara a jikin bango har yaro ya ruga ya kashe wuta. Bangon ya yi kore, siminti ya ruɓe, ba wanda ya taɓa cewa a sa masa bututun rara. Alhali mu ne ke bin 'yan ga-ruwa da kuɗi a kan jarka.

Abin da ya fi ba ni dariya, ta daɗe tana maganar ɗauke wuta, a garin da tun zuwana ko ƙyaftawa fitila ba ta yi ba. In injin ya tsaya, ruwan da ke cikin bututu da na saman tanki zai zubo ƙasa, saboda haka dole a bar wa tankin ƙasa sarari da zai shanye shi duka. A huda ɗan rami a bututun mayarwa, dab da fuskar ruwa, don iska ta shiga ta katse zuƙowar. Makarin nan mai hana ruwa komawa baya, ta ce kada ya dogara da shi, datti kan maƙale a bakinsa. Kuma kafin ya zuba ko kifi ɗaya, ya zare wutar da hannunsa ya ga inda ruwan zai tsaya.

Sauran ta bi su da sauri. Ba a sa jan ƙarfe ko tagulla ko kaɗan, guba ne ga murjani, komai na roba ne. Gishiri giram 35 a kowace lita, in ruwa ya ƙafe kuma da ruwa zalla ake cikawa, domin gishirin bai je ko'ina ba. Cikin tankin sai an ƙara wasu ƙananan injina masu kaɗa ruwa kamar igiyar teku, tun da murjani ba ya motsi, ruwa ne ke kawo masa abinci ya kwashe masa ƙazanta.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Mai gyaran famfo a Jamus yakan yi shekara uku da rabi yana koyo, amma ka kira shi ya ba ka rana bayan makonni, kuɗin zuwansa kaɗai ya isa cefane. Ranar Lahadi shaguna a rufe. Na yi kewar namu, wanda kana kira zai iso a kan babur, ku gaisa, ya tambayi iyali, ya ci abinci, ya ce ka kawo abin da ya sauƙaƙa. Sai dai shi ne kuma zai liƙe komai da gam ya binne a bango, ranar da yoyo ya tashi sai guduma. Ita kuwa matar nan, gaba da bayan injin mahaɗi mai zare ta sa, a kwance da hannu a wanke a mayar.

A daren na kira ƙanina da ke tsaye kan gininmu. Na ce ya dakatar da filasta, a sa wa tanki bututun rara ya sauka cikin duro, a sa mahaɗi mai zare a jikin injin. Ya ce mai aikin ya ce bai taɓa yin haka ba, kuma ba wanda ya taɓa kawo masa ƙara. Na tura kuɗin kayan, na ce sai na ga hoto kafin in biya na aiki.