Littafi da biro ko Excel: wanne ya fi kama mai tiredin da laifinsa?

Malam, tambayarka ita ce: tunda MetaTrader, manhajar cinikin kuɗaɗen waje da zinare ta intanet, na ajiye tarihin duk cinikin da ka yi, kuma kana iya juye shi cikin Excel, me ya sa ake ta cewa a nemi littafi da biro? Wanne ne ya fi taimaka wa mutum ya daina shiga kasuwa da zafin rai?

Ba aiki ɗaya suke yi ba. Amma in aka ce ɗaya kawai za ka ɗauka, ni dai littafin zan ce ka ɗauka.

Mu fara ba na'ura haƙƙinta. MetaTrader 4 (MT4) da kamfanin MetaQuotes ya fitar a 2005, da ƙaninsa MT5 na 2010, suna rubuta lokacin shigarka da fitarka, girman lot (wato yawan abin da ka saya ko ka sayar), farashi, ladan dillali, kuɗin kwana (na cinikin da ya kwana a buɗe), da abin da ka ci ko aka ci maka. Ba sa mantuwa, ba sa jin kunyar kowa. In ka haɗa asusunka da Myfxbook, shafin intanet mai nazarin tarihin ciniki, ko ka zuba tarihin a Excel, za ka iya tace shi rana-rana ko awa-awa. Ga misali: rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda kan girgiza kasuwa, yawanci yana fita ne Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, wato 1:30 ko 2:30 na rana a Najeriya da Nijar, gwargwadon canjin agogonsu. Daidai lokacin da ake haramar masallaci ke nan. Wanda ya saba buɗe cinikin zinare a gurguje ya tafi sallah, ya dawo ya tarar kasuwa ta yi tsalle da kuɗinsa, tacewa ɗaya za ta nuna masa wannan ɗabi'ar. A littafi kuwa sai ya yi ta buɗe shafuka, wataƙila ma bai lura ba.

To amma nan iyakarta take. Ɗauki ciniki biyu, kowanne asarar dala 20. Na farko ka bi tsarinka, ka sa iyakar asara, kasuwa ta taɓa ta, ka fita lafiya. Na biyu ka shiga ne don ramuwar gayya, minti biyar bayan an ci ka. A Excel duka biyun jan layi ne iri ɗaya. Wanda ya fi wannan muni shi ne cinikin da ka karya dokarka kuma ka ci riba: na'ura za ta nuna maka shi a matsayin nasara, zuciyarka ta ɗauki darasin banza, gobe ta maimaita da lot mafi girma.

Abin da littafi ke kamawa shi ne maganar da kake gaya wa kanka. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a ran ɗan Adam, kuma daga baya aka kiyasta bambancin ya kai kusan ninki biyu. A 1998 wani mai bincike, Terrance Odean, ya bi asusun masu hannun jari 10,000 a Amurka, ya ga sun fi saurin sayar da abin da ya hau, su rungume wanda ya faɗi. Excel zai iya nuna maka ka riƙe ciniki mai asara kwana uku, mai riba kuma minti goma. Ba zai nuna maka "ai zai dawo" ɗin da ka yi ta faɗa ba, ko bashin da ake bin ka a ranar, ko rashin barci, ko siginar (shawarar saye ko sayarwa) da ka gani a Telegram ka ce kada a yi babu kai.

Sharaɗin dai shi ne a rubuta kafin a danna, ba bayan an gama ba. Masanin halayyar ɗan Adam Baruch Fischhoff ya nuna a 1975 cewa da zarar mutum ya san yadda abu ya ƙare, sai ya riƙa jin kamar dama ya san haka za ta kasance. Saboda haka abin da ka rubuta da dare labari ne da ka gyara wa kanka. Layi uku sun isa: me ya sa zan shiga, ina zan fita in ta ɓaci, da kalma ɗaya kan halin da nake ciki, kamar natsuwa, tsoro, kwaɗayi, ramuwa ko gajiya. Bayan fita ka ƙara da "na bi tsari" ko "ban bi ba". Ɗaukar biron ma kanta tana cin ɗan lokaci, kuma da wuya mutum ya rubuta "zan shiga ne don in rama" da hannunsa, sannan ya danna bai ji komai ba. Shi ya sa na fifita takarda a kan rubutu a waya, tunda wayar ce ke ɗauke da kasuwar.

Littafi ma yana da nasa rauni. Ba ya lissafi, ba ya ajiye hoton allo, kuma mai shiga yana fita cikin daƙiƙoƙi ba zai samu sararin rubutu ba. Babbar matsalarsa ita ce ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da ake ƙin buɗe shi. Kada kuma ka ɗauka ɗayansu zai mai da tsari mara kyau mai kyau. Hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan cinikin asara suke yi.

Ga yadda za ka haɗa su. Ranar Asabar, lokacin da kasuwar canjin kuɗaɗe ke rufe, zauna da su duka biyun. In kirifto kake yi, wanda ba ya rufewa, kai za ka tsayar wa kanka rana. Fara da ƙirga layuka. In MT5 ya ce ka yi ciniki 30, littafi ya ce 22, to waɗannan 8 ɗin da ka ɓoye wa littafi su za ka fara dubawa. Sannan ka buɗe sabon gurbi a Excel, ka sa wa kowane ciniki kalmar da ka rubuta masa, ka tara kuɗin kowace kalma daban. In "ramuwa" ce ta fi cin kuɗinka, rubuta doka ɗaya a shafin farko: in aka ci ni sau biyu a jere, na rufe manhaja sai gobe. Kada ka ƙara wata dokar sai ka ga wannan ta zauna tsawon wata guda.