Ganin likitan fata a Damagaram: ya gane ciwon, amma ina da ƙorafi

Tabo ɗaya ne ya fara fito wa ƴata a gefen ciki, mai faɗi, bakinsa yana saɓa. Mai farmasin unguwarmu ya leƙa ya ce makero ne, ya ba mu man clotrimazole. Ana cikin shafawa sai ƙananan tabo suka feso mata a baya, da ƙirji, da damatsa. Ga zafin bazara, da ta yi gumi sai susa, har barci ya gagare ta. Shi ya sa na kai ta wata kilinik mai zaman kanta da ake cewa akwai likitan fata.

Gaskiya mutumin ya burge ni. Bai taɓa alƙalami ba sai da ya juya ta wajen hasken taga, ya bi bayanta da yatsa yana nuna mini yadda tabon suka jeru a karkace, suna bin haƙarƙari kamar reshen dabino. Ya tambaye ta, "Ƴata, wanne ya riga fitowa?" Ta nuna babban. Ya ce, "Hajiya, ki ajiye man nan, wannan ba makero ba ne." Ya rubuta mini sunan ciwon a takarda, pityriasis rosé de Gibert. Ya ce ana danganta shi da ƙwayar herpes mai lamba 6 da 7, an fi ganinsa tsakanin shekara 10 zuwa 35, kuma yakan tafi da kansa cikin sati 6 zuwa 8, wani lokaci ya kai wata uku. Ba sai an raba ta da ƙannenta a shimfiɗa ba. Wallahi nan na samu numfashi, don har na fara ware mata zanen rufa.

Abin da ya rubuta kaɗan ne: cetirizine saboda ƙaiƙayi, da calamine na shafawa. Ya hana ruwan zafi, da soso, da sabulu mai ƙarfi, ya ce ta sa kayan auduga, ta riƙa shafa man kaɗanya bayan wanka. Ƙaiƙayin ya lafa sosai.

To amma kuɗin ganin likita kun san yadda yake, kuma tun safe muke zaune a benci har azahar, fanka ba ta juyawa. Abin da ya fi ɓata mini rai, ya tura mu awon jini bai ce don me ba. Sai da na matsa ya ce tunjere na iya yin kama da wannan ciwon, shi ya sa ake dubawa. Da ya faɗa tun farko, ai da ban kwana da zullumi ba.

Kuma bai gaya mini cewa a baƙar fata tabon kan bar duhu na watanni ba. Ciwon ya wuce, amma yarinya har yau tana jan hannun riga tana rufe damtse. Zan koma wurinsa in buƙata ta taso, sai dai zan tafi da tambayoyina a rubuce. Mai juna biyu kuwa, in ta ga irin wannan tabon, ta je likita da wuri, kada ta tsaya a farmasi.