Hoton CT na jijiyoyin zuciya: aikin ya yi kyau, bayanin ne ya gaza

Wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya hau bene, aka yi masa ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, aka ce lafiya lau, shi nake rubuta wa wannan. Ni ma haka aka ce mini. Likitan zuciya ne ya fahimtar da ni cewa ECG ba ya ganin kitsen da ke taruwa a bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini. Ya tura ni wata cibiyar hoto mai zaman kanta a Abuja don a yi mini CT, wato hoton X-ray na kwamfuta da ke nuna cikin jijiyoyin.

Shirin ya fi aikin tsawo. An fara da gwajin ƙoda, don ita ke fitar da ruwan aidin da za a ɗura a jijiya don jijiyoyin su fito fili a hoton. Aka hana ni shayi da kofi da goro tun da daddare. Da safe aka ba ni ƙwaya ta sauke bugun zuciya zuwa wajen 60 a minti, in ba haka ba hoton zai fito dishi-dishi, aka sa mini wata a ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe. Nas ɗin ta kyauta ƙwarai. "Baba, za ka ji ɗumi ya ratsa ka har mara kamar fitsari ya kuɓuce, kada ka tsorata." Haka kuwa aka yi. Na riƙe numfashi 'yan daƙiƙu, shi ke nan.

Zagayen farko ba a sa aidin ba, kalsiyam ake ƙirgawa, wato kitsen da ya daɗe har ya ƙanƙare. Ma'aunin Agatston ake bi, wanda aka fito da shi a 1990. Nawa ya faɗa tsakanin 100 da 400, wato matsakaici. Amma zagaye na biyu ne ya fi tayar mini da hankali, don ya nuna kitse mai laushi a babbar jijiyar gaba ta hagu. Irinsa ne ke iya fashewa, jini ya daskare a wurin ya toshe hanya, ko da bai matse jijiyar sosai ba. Shi ya sa samun sifiri a kalsiyam ba shaida ba ce cewa jijiya tas take.

Tun da na ga abin da idona, ban ƙara wasa da maganin statin, mai rage kitsen jini, ba. A wani bincike mai suna SCOT-HEART da aka yi a Scotland, sakamakon 2018 ya nuna cewa cikin shekara 5, mutuwa da ciwon jijiyoyin zuciya ko kamuwa da harin toshewarsu ya sami kashi 2.3 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hoton, sauran kuwa 3.9, kuma masu hoton sun fi samun maganin kariya.

Kukana da cibiyar shi ne, bayan kuɗi mai nauyi, sai aka miƙo mini faifai da takarda cike da Turancin likitoci, babu wanda ya zaunar da ni. Kwanakin da na yi kafin in ga likitana, barci sai ɓarawo. Kafin ka biya, tambayi wanda zai karanta hoton, da ranar da zai yi maka bayani baki da baki.