Kyamarar zafi na dishi-dishi: marufin ciki ko manhaja?

Ɗan'uwanmu mai gyaran waya a Circle, nan Accra, ya tambaya: kyamarar zafin da yake neman shot (inda wuta ke haɗuwa ba bisa hanya ba) da ita a bod, wato faifan da kayan cikin waya ke kai, ta fara nuna layi-layi da ɗige-ɗige. Ya dogara da ƙarar "ƙas" ɗin nan ta marufin ciki da take yi da kanta, ko ya kunna tacewar manhaja?

Malam, ciwo biyu ne, kowanne da maganinsa. Fara da gwaji: auna kyamarar a bango mara zane, ka riƙa karkata ta a hankali. Abin da ya tsaya cak a fuskar allo, bango na wucewa shi bai motsa ba, daga sensa yake, wato idon kyamarar mai jin zafi. Abin da ke ta tsalle kamar ƙura a hasken taga kuwa, wannan daban.

Ciwo na farkon, mai tsayawa cak, aikin marufi ne. Sensar waɗannan kyamarori ɗigo-ɗigo ce, kowane ɗigo ƙaramin ma'aunin zafi ne mai zaman kansa. Mai 160 sau 120 na ɗauke da guda 19,200, kuma babu biyun da ke amsa zafi daidai wa daida. A masana'anta ana nuna musu abu a matakin zafi biyu a daidaita su, amma da kyamarar ta ɗumama a hannu sai kowa ya kama gabansa. Wannan "ƙas" ɗin marufi ne ke rufe sensa na ɗan lokaci, duk ɗigo su kalli abu guda mai zafi ɗaya, kyamara ta lissafa karkatar kowanne ta cire. Aibinsa kaɗan ne: hoto kan daskare na ƙiftawar ido, kuma gyaran ba ya daɗewa idan zafin jikin kyamarar na hawa da sauka. Na ga wani shago a Nima, an kafa kyamara taku ɗaya daga na'urar hura zafi, fanka kuma na kaɗa ta ta baya. Ina za ta daidaita? Matsar da ita, ka bar ta kunne mintoci kaɗan kafin aiki, sannan ka danna marufin da hannu idan tana da maɓallin.

Manhaja kuwa mai tsallen take kashewa. Tana haɗa hotuna a jere ta fitar da matsakaicinsu: 4 su rage shi zuwa rabi, 16 zuwa rubu'i. Amma ko dubu ka haɗa layin sensa na nan, ƙara fitowa ma zai yi tunda an share masa fili. Ga kuma jinkiri. Yawancin ƙananan nan hoto 9 suke ɗauka a daƙiƙa, wato 16 sun kusa cin daƙiƙa biyu. Kai da ke son ganin wane ƙanƙanin kayan bod ne ya fara zafi da zarar ka ba shi wuta, kafin hoton ya fito zafin ya riga ya bazu ga maƙwabta. Ita kuma tacewar da ke lailaye hoto, na fi jin tsoronta a sana'arka: kafasita, ɗaya daga ƙananan kayan bod, mai shot na iya zama ɗigo ɗaya ko biyu kacal, sai ta ɗauke shi a matsayin datti ta goge.

Akwai manhajar da ke gano layin sensa ba tare da marufi ba, amma sai hoto na motsi. Taka a kafe take a kan tebur, don haka za ta ɗauki bod ɗin kansa a matsayin layi, ka ɗauke shi inuwarsa ta zauna a allo.

Ni a wurinka, marufi tukuna, haɗin hoto 4 idan tsallen ya dame ka, lailayewa a kashe. Ɗigon da ya ƙi canzawa bayan duk wannan ya mutu ne, cike gurbinsa ake yi da na gefensa.